Gargaɗi ga Iyaye da Sababbin Ɗalibai: Kada Ku Biya Kuɗin Kwamfuta da Gaggawa

Jama'a, a saurara. Da zarar jami'o'i sun saki sunayen waɗanda suka samu gurbi, sai ka ga iyaye da 'ya'yansu sun yi cincirindo a shagunan kwamfuta, daga titin Beirut a Kano har Banex a Abuja. Kuɗin da za a kashe ba ƙanana ba ne, wani ma sai ya sayar da dabba ko ya ci adashi. Don Allah a tsaya a duba kafin a miƙa ko sisi.

Babban tarkon yanzu shi ne tsohuwar kwamfutar da zamani ya wuce. Kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Idan aka daina toshe wa manhaja kafofin da ɓarayin intanet ke bi, duk abin da ɗalibi ya ajiye a ciki yana cikin haɗari. Ita kuwa Windows 11 ba kowace kwamfuta take karɓa ba. A ɓangaren Intel, sai wadda injinta ya kai zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017.

A nan ake yi wa mutane rufa ido. Mai shago zai nuna maka tambarin i7 ya ce babu sama da ita. Kada tambarin ya ruɗe ka. A kunna ta a gabanka, a buɗe bayanan injin, ka karanta lambar da ke bayan ɗan layin da ke bin i7 ko i5. Idan ka ga i7-2620M, zubi na biyu ce, tun ta 2011. Idan ka ga i5-8250U, ta takwas ce, kuma ta fi waccan aiki nesa ba kusa ba. Wasu kan yi dabara su cusa Windows 11 a tsohon inji, don haka ganin ta a fuskar kwamfuta ba hujja ba ne. Lambar ita ce shaida.

Sannan a tambayi sashen da yaro zai shiga tukuna. Mai karatun Shari'a ko Tarihi, RAM mai gig 8 da ma'ajiyar SSD mai gig 256 sun ishe shi. Amma ɗalibin zanen gine-gine ko injiniyanci da zai riƙa buɗe AutoCAD da MATLAB, gig 16 ya fi dacewa da shi. Chromebook kuwa, duk da sauƙin kuɗinta, ba ta ɗaukar manhajojin Windows irin su SPSS, waɗanda da yawa ke buƙata lokacin rubuta kundin kammala digiri. Araha ba ta ado.

Batir fa? Kowa ya san halin wuta a ɗakunan kwanan ɗalibai. A zare caja a shagon, a bar ta tana aiki, ku zuba ido ku ga saurin saukarta. Kada ku yarda da "tana awa shida" ta fatar baki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kayan sata. Kwamfutar da aka kulle da lambar sirri tun wajen kunnawa, ko MacBook da ke ɗaure da iCloud ɗin wani, ko wadda ke nuna sunan wani kamfanin waje tana neman izininsa, a guje ta ko da kyauta ce. Sayen kayan sata laifi ne a doka, kuma yaron da aka kama da ita a makaranta shi zai amsa tambaya. A karɓi rasit mai sunan shago da lambar jikin kwamfutar, a rubuta kwanakin da aka amince a dawo da ita idan ta ba da matsala. Mai shagon da ya ƙi rubutawa, ku riƙe kuɗinku ku shiga na gaba.