Gidan Tarihin Yamai: Kai Yara Su Ga Ƙasusuwan Dabbobin Da Suka Riga Mu Zama A Ƙasar Nan

Duk lokacin da aka ba da hutun makaranta, tunanin da ke fara zuwa wa uwargida shi ne ina za a kai yaran nan su sha iska, ita ma ta ɗan huta da ƙiriniyarsu. Yawanci maganar ba ta wuce gidan kaka, ko gidan zu, ko wurin lilo ranar sallah. To a wannan watan mun kawo miki shawarar wani wuri da mutane da yawa ke wucewa ta ƙofarsa ba su san abin da ke ciki ba, wato Gidan Tarihi na Ƙasa na Boubou Hama da ke tsakiyar birnin Yamai, wanda mutanen gari suka fi sani da Muze. Idan a Yamai kike zaune, ko kuwa biki ko zumunci ya kai ku can daga Sakkwato, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, ki roƙi maigida ya ware wuni guda saboda shi.

An buɗe gidan ne a shekarar 1959, tun Nijar ba ta sami mulkin kai ba, daga baya aka sanya masa sunan Boubou Hama, marubuci kuma masanin tarihi, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar har zuwa 1974, ya rasu a 1982. Fili ne babba mai faɗin hekta 24, ba nisa da kogin Kwara. A cikinsa akwai ɗakunan tufafin gargajiya da kayan kiɗa, akwai samfurin gidajen Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, akwai ɓangaren namun daji, ga kuma rumfunan maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa suna aikinsu a gaban idon mutane. Amma abin da ya sa muka zaɓe shi, kuma abin da yaro ba zai manta ba ko ya girma, shi ne ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin nan da ake kira dainoso, da na wani kada da ba a taɓa ganin irinsa a raye ba.

Daga ina ƙasusuwan suka fito?

Yaranmu sun san dainoso a katun da finafinan Amurka, saboda haka suna ɗauka ko dai ƙirƙira ce ta masu fim, ko kuwa dabbar ƙasar Turawa ce. Manya ma da yawa haka suka ɗauka. Alhali kuwa Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka fi kowa arzikin waɗannan ƙasusuwa. A hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa, wanda a harshen Buzaye ma'anarsa wurin da raƙuma ke tsoron zuwa. A can iska ce da kanta ke kwashe rairayi ta bar ƙasusuwa a fili, wani lokaci kashin bayan dabba guda a jere kamar yadda ta kwanta ta mutu. Masu neman ma'adinin yuraniyom ne suka ci karo da su, aka turo wani matashin masani daga Faransa mai suna Philippe Taquet a tsakiyar shekarun 1960 ya fara tono. Daga shekarun 1990 kuma Paul Sereno na Jami'ar Shikago ta Amurka ya riƙa zuwa da tawagarsa, tare da 'yan ƙasa da suka san hamadar suna yi musu jagora.

Ki fara kai yara wurin kadan nan, domin kada abu ne da suka sani, suna da abin da za su auna da shi. Sunansa a wurin masana Sarcosuchus imperator, an raɗa masa shi a 1966. Kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, wato ya kusa tsayin uwargida ita kanta, tsawon jikinsa kuwa ƙiyasin da ya fi sassauci ya ce ya kai mita 9. Kadan da muke gani a koguna yau idan ya kai mita 5 an ce ya gawurta. Ki sa babban yaronki ya taka daga hanci zuwa wutsiya yana ƙirga takunsa, in kun koma gida ya auna wannan takun a tsakar gida. Wannan ɗan wasan ya fi duk wani bayani da za ki yi masa shiga kai.

Sai kuma Ouranosaurus nigeriensis, wanda Taquet ya bayyana wa duniya a 1976. Dabba ce mai cin ganye, tsawonta mita 7 zuwa 8, a gadon bayanta akwai dogayen ƙasusuwa a tsaye kamar an kafa shinge. Farkon sunanta daga kalmar da mutanen hamada ke kiran damo aka samo shi, ƙarshensa kuwa ai kin ji Nijar a ciki.

Akwai wasu da ya kamata ki san labarinsu tun daga gida, domin yara suna son uwar da ta riga su sani. Jobaria, wadda aka haƙo a yankin Ingal a 1997, doguwar wuya ce da ita da doguwar wutsiya, tsawonta wajen mita 18, nauyinta kusan tan 20, wato nauyin giwaye uku ko huɗu a haɗe. Sunanta daga Jobar ya fito, wani dodo na tatsuniyoyin Buzaye, domin makiyayan yankin sun daɗe suna ganin ƙasusuwan suna danganta su da shi. Suchomimus shi kuma mai kamun kifi ne, bakinsa kamar na kada, yana da ƙumba mai lanƙwasa kamar lauje. Amma wadda ta fi ba yara dariya ita ce Nigersaurus, wadda aka sanya wa suna a 1999. Bakinta faffaɗa ne kamar cebur, haƙoran da ke cikinsa sun haura 500 idan aka haɗa da waɗanda ke jiran gado a bayan na gaba, kuma kowane haƙori kwana 14 kawai yake yi ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Yarinyar da ke kuka don ta yi wawulo sai ki ba ta wannan labarin.

'Yan uwa na ƙasar Sakkwato kada ku ce abin na maƙwabta ne kawai. A duwatsun yankin Wurno da Goronyo an samo ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da ƙadangare, har aka sa mata suna Goronyosaurus a 1972. Dabbar teku a Goronyo? E, domin a wani zamani wani reshen teku ya ratsa ta inda hamadar Sahara take yanzu, ya malalo har wannan yanki.

Tambayoyin da za su biyo baya

Nan ne fa aikin uwa yake, kuma nan ne wasu iyaye ke gudun irin wannan ziyara. Yaro zai tsaya gaban ƙashin da ya fi shi tsawo ya ce, "Umma, da gaske ne? Kafin Annabi Adamu ne ko bayansa? Su ne Adawa?" Amsar da ta fi sauƙi ita ce a ce masa ƙaryar Turawa ce, ko a ce ya yi shiru. A ganina wannan amsar tana da haɗari fiye da yadda muke zato. Yaron nan ya ga ƙashin da idonsa. Gobe zai sake haɗuwa da shi a littafin makaranta da kuma wayar hannu. Idan ya gano cewa abin gaskiya ne alhali uwarsa ta ce ƙarya ne, to ranar da wata tambayar da ta fi wannan nauyi ta taso masa, ba wurinki zai kawo ta ba.

Abin da za ki iya gaya masa ba mai wuya ba ne. Dabbobi ne, halittun Allah ne kamar giwa da raƙumi, sun rayu sun ƙare tun kafin a sami mutum a bayan ƙasa. Annabi Adamu (AS) uban 'yan Adam ne, amma ba shi ne farkon dukkan halitta ba, ko a karatun Islamiyya an koya wa yaro cewa mala'iku da aljanu sun riga shi. Adawa da Samudawa kuwa mutane ne, waɗannan ƙasusuwa kuma masu wutsiya ne da ƙumba, ba na mutane ba. A nan ma ki ja kunnen manyan yaranki game da hoton nan na wani ƙaton ƙwarangwal ɗin mutum da ake yawo da shi a Facebook da WhatsApp ana cewa an tono Adawa. Wanda ya fi shahara a cikinsu da kwamfuta aka haɗa shi, a wata gasar haɗa hotuna a 2002. Sannan ki tuna musu cewa aya ta 20 a Suratul Ankabut kira ce zuwa ga tafiya a bayan ƙasa da lura da al'amarin halitta. Tambayar da ta fi ƙarfinki kuma ku rubuta ta tare, ya kai wa malaminsa.

Zai kuma tambaya yadda ƙashi ya daɗe haka bai ruɓe ba. Yawancin dabbobin da suka mutu ba sa barin komai. Sai wadda laka ko rairayin kogi ya binne da wuri, kafin ungulu da rana su gama da ita. Ruwan da ke ratsa ƙasa yana ɗauke da ma'adinai, su ne ke shiga ƙananan kafofin ƙashin a hankali su cike su, har ƙashin ya koma dutse amma da siffarsa ta asali. Masana sun ƙiyasta cewa duwatsun Gadufawa sun kai shekara miliyan 110, kuma dainoso sun ƙare wajen shekara miliyan 66 da suka wuce, bayan wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a inda ƙasar Meziko take yanzu. Wani abu kuma da ya dace ki sani, a gidajen tarihi na duniya ba kowane ƙwarangwal da ke tsaye ne na asali ba. Ƙashin da ya zama dutse yana da nauyi kuma yana saurin karyewa, don haka akan zuba kwafinsa a mazubi a tsayar, a adana na ainihin. Ki sa yaro ya tambayi jagora wanne ne na asali wanne ne kwafi. Masu aikin wurin suna jin daɗin yaro mai tambaya.

Bishiyar da ke cikin rumfa

Kafin ku fita ku nemi inda aka ajiye busasshen kututturen bishiyar Tenere. Bishiyar ƙaya ce da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, ayarin masu ɗauko gishiri daga Bilma suna gane hanya da ita. Da aka haƙa rijiya kusa da ita sai da aka yi ƙasa fiye da mita 30 kafin a tarar da ruwan da saiwoyinta ke sha. A 1973 wani direban babbar mota ya buge ta ta faɗi, aka ɗauko ta aka kawo Yamai.

Ita wannan bishiyar saura ce daga lokacin da hamada take da ciyayi, kuma wannan lokacin ba shi da nisa kamar na dainoso, mutane sun gan shi. A shekarar 2000, tawagar Sereno tana neman ƙasusuwan dabbobi sai ta faɗa kan wata tsohuwar maƙabarta a wani wuri da ake kira Gobero, a bakin wani tafki da ya ƙafe tuntuni. An sami ƙugiyar kamun kifi da ƙasusuwan kifi da na dorinar ruwa a inda yau ko ɗigon ruwa babu. A wani kabari mai shekara kusan 5,000 an tarar da wata mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe, kuma binciken ƙasar kabarin ya nuna alamar an shimfiɗa musu furanni. Ba mu san sunanta ba, ba mu san yarenta ba, amma kowace uwa ta gane wannan kwanciyar.

Shirin tafiya

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, shi ya fi dacewa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, kuma yawancin yawon a fili ake yinsa. Ku yi sammako, ku fara da ƙasusuwan tun yara ba su gaji ba, namun daji su biyo baya, rumfunan masu sana'a su zama na ƙarshe, don kada kuɗin ya ƙare a ƙofa. Maigida ya tambayi lokacin buɗewa da kuɗin shiga tun ana gobe. Masu tahowa daga Nijeriya ta Illela da Birnin Ƙonni, akwai tafiyar fiye da kilomita 400 kafin Yamai, saboda haka ba tafiyar zuwa da dawowa a wuni ɗaya ba ce, kuma a bincika halin hanya da na kan iyaka kafin a tashi. Rubutun da ke jikin kayan da Faransanci ne, amma Hausa tana yi muku aiki a Yamai, sai ku nemi jagora mai jin ta.

Ki tanadi ruwa da yawa, da huluna, da takalmin da ba ya cizo, da dadduma don azahar. Dambun zogale ko ɗan wake da kilishi sun fi abincin mai miya sauƙin ɗauka. Mai goyo ta zo da zani na biyu. Ki sanya wa kowane ƙaramin yaro takarda mai lambar wayar babansa a aljihu, ki haɗa shi da yayansa guda wanda zai riƙe masa hannu, musamman a wajen kejin namun daji. Ki kuma gargaɗe su tun a gida cewa ba a taɓa ƙasusuwan, ba a hawa shingen.

Ki ba kowannensu littafin rubutu da fensir ya zana dabbar da ta fi burge shi, ya kwafi sunanta daga allon da ke gabanta harafi bayan harafi, ko da bai iya faɗinsa ba. Wanda bai isa rubutu ba, shi aikinsa ƙirga haƙoran kada.