Darasin Garki: Ba A Gama Yaƙi Da Sauro A Damina Ɗaya

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Sauro bai kai ƙwayar shinkafa nauyi ba, amma babu wata halitta da ke jefa ɗan Adam cikin kabari kamarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Kusan kashi 31 cikin ɗari na mamatan nan 'yan Nijeriya ne, akasarinsu kuwa yara ne da ba su kai shekara biyar ba.

Tun da haka ne, ya kamata mu waiwayi wani babban gwaji da aka yi a ƙasarmu shekaru hamsin da suka wuce, domin abin da ya koyar yana nan daram.

ABIN DA AKA YI A GARKI

Daga 1969 zuwa 1976 Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗa hannu suka gudanar da bincike a gundumar Garki, wadda take cikin Jihar Kano a lokacin, yanzu kuwa tana Jihar Jigawa. Tambayar da suka sa a gaba ita ce: idan aka samu kuɗi da ƙwararru da magani mai kyau, za a iya katse yaɗuwar zazzaɓin nan a ƙauyukan ƙasa irin tamu?

Da farko sai da aka shafe shekara ɗaya da rabi ana auna yadda cutar take. Abin da aka gano ya razana masanan kansu. A ɗaya daga cikin ƙauyukan, sauro mai ɗauke da ƙwayar cuta kan ciji mutum guda har sau 145 a shekara. Kusan jariri ɗaya cikin huɗu ba ya ganin zagayowar ranar haihuwarsa.

A 1972 da 1973 aka shiga aiki gadan-gadan. Aka fesa maganin ƙwari a bangon ɗakuna cikin ƙauyuka 164. A wasu daga cikinsu aka ƙara da raba wa kowa da kowa ƙwayar magani duk bayan mako goma, a wasu ma duk bayan mako biyu idan damina ta kama.

Feshi kaɗai ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da kusan kashi 90 cikin ɗari, amma masu ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu da kimanin kashi 25 kawai suka ragu. Inda aka haɗa feshi da shan magani a kai a kai, masu cutar suka koma 'yan ƙalilan, mutuwar jarirai ta ragu ƙwarai. Duk da haka yaɗuwar ba ta yanke ba, domin wasu saurayen ba sa sauka a bango bayan sun sha jini, waje suke fita su huta, feshin bai same su ba. Da aka janye hannu, sai cutar ta dawo yadda take a da.

Wato dai Garki ta nuna abu biyu. Makami ɗaya ba ya isa, kuma kowane makami aka ajiye shi, sauro zai karɓe filinsa.

GANI GA WANE

Ba mu kaɗai muka ɗanɗana wannan ba. Ƙasar Siri Lanka, da ake kira Silon a da, ta yi feshi har ya zama mutum 17 kacal aka samu da cutar a 1963. Aka saki jiki aka sassauta aiki, kafin 1969 masu kamuwa sun haura rabin miliyan a shekara. Sai a 2016 aka tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Ƙasar Sin, inda ake samun masu zazzaɓin kimanin miliyan 30 a shekara cikin shekarun 1940, sai da ta yi shekara saba'in tana fama kafin a ba ta irin wannan shaida a 2021. Aljeriya ta samu tata a 2019, Masar kuma a 2024. Babu ɗaya daga cikinsu da ta kai ga nasara da aikin damina guda.

SANIN ABOKIN GABA

Sauro iri-iri ne, kuma macen ce ke cizo domin tana bukatar jini ta yi ƙwai. Wanda ke kawo zazzaɓi, wato anofilis, da dare yake cizo, kuma ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana: kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini, sawun kofaton shanu, fadamar shinkafa. A lokacin zafi, kwana bakwai zuwa goma sun ishi ƙwansa ya zama sauro mai tashi.

Wanda ke kawo cutar shawara kuwa da rana yake cizo, a cikin gida yake hayayyafa: randar da ba a rufe ba, tsohuwar taya, gwangwani, fasasshiyar tukunya. Allurar rigakafin shawara sau ɗaya tana kare mutum iyakar rayuwarsa. Haka kuma tundurmi da gwaiwa ma cizon sauro na kawo su.

MAKAMAN DA KE HANNU

Mutanen Garki ba su da wasu abubuwan da muke da su yau. Na farko shi ne gidan sauro mai magani. An ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2015 an kauce wa kamuwa da zazzaɓi sau miliyan 663 a Afirka, kashi 68 cikin ɗari albarkacin gidan sauron nan ne. Sai dai wanda aka naɗe cikin akwati, ko aka shinge lambu da shi, ba ya kare kowa.

Na biyu, tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi wata-wata a tsawon damina, a ƙasashen da cutar ke zuwa da ruwan sama. Kwana uku ake shansa a jere, ba a tsallake ko ɗaya. Mata masu juna biyu su ma suna da nasu wanda ake ba su wajen awo.

Na uku, a watan Disamba na 2024 Nijeriya ta fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓi mai suna R21 a Jihohin Kebbi da Bayelsa. Allurar tana rage haɗari, ba ta maye gurbin gidan sauro.

An kuwa ga amfanin wannan ƙoƙari. Yaran da aka samu da ƙwayar cutar a jini sun ragu daga kashi 42 cikin ɗari a 2010 zuwa kashi 22 a 2021, ko da yake a Jihar Kebbi adadin ya kai kashi 49 a wannan shekarar.

To, amma idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin tuntuni, sauro ya fara taurin kai ga wasu magungunan feshi, kuma a 2020 an gano wani baƙon anofilis ɗan asalin Asiya a Jihar Gombe, wanda ke hayayyafa cikin tankunan ruwa na birane har da rani.

Saboda haka aikin na kowa ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma ta tsare kuɗin gidan sauro da magani kowace shekara, ba sai baƙi sun kawo agaji ba, ta kuma farfaɗo da aikin duba-gari. Masu unguwanni su sa a cike ramuka a yashe magudanun ruwa kafin ruwan farko ya sauka. Maigida ya tabbatar an rufe randa, an kife gwangwani, yara sun kwana cikin gidan sauro. Uwa kuma da zarar jikin yaro ya yi zafi ta kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a jira sai ya fara shiɗewa. Wanda ya yi haka bana, to, ya sani baɗi ma sai ya sake, domin sauro ba ya zuwa hutu.