Kafin Ka Sauya Batirin Tsohuwar Tarakta

Ruwan farko na sauka, hankalin mai tarakta ya tashi. Motar da ta shafe rani a gindin bishiya ita ce yau manoma suka yi wa layi, kowa na son a yi masa haro tun ƙasa na da laima. A murɗa makulli, kik ya yi ƙat, ya yi shiru. Sai a tara matasa su tura, ko a ɗauro igiya wata ta ja ta. In abin ya ishi mai ita, sai ya yanke hukunci: ko dai ya cire batura biyun da ke jiki ya sa babba guda, ko ya ƙara na biyu a kan gudan da yake da shi. Kowanne daga cikin biyun yana iya zama daidai, kuma kowanne yana iya ƙona masa kaya, gwargwadon irin taraktar da irin haɗin da ke jikinta.

Yawancin taraktocin da ke aiki a karkararmu ba 'yan yau ba ne. Akwai Massey Ferguson 135 da 165 waɗanda aka fara ƙerawa a 1964, da ƙannensu irin 375, akwai Fiat da aka riƙa haɗawa a Kano, da Steyr ta Bauchi. Kowace ta bi hannaye da yawa, kuma duk mai wayar da ya taɓa ta ya bar nasa tabon. Saboda haka abin da ka tarar a jiki yau ba lalle ne shi kamfani ya sa ba. Aikin farko shi ne ka gano abin da taraktar take buƙata, ka daina dogara da abin da mai ita na baya ya liƙa mata.

Injin gas ba ya da fulogin da zai kunna masa wuta. Iska yake matsewa a cikin silinda har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Matsin nan yakan kai ninki 16 zuwa 18, alhali tsofaffin taraktoci masu shan fetur ba su wuce ninki 6 ko 7 ba. Kik ɗin da zai juya irin wannan inji sai ya ja ɗaruruwan amfiya cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma juyawa kawai ba ta isa ba, sai da sauri. In ya juya a sanyaye, zafin ya tsere ta jikin ƙarfe, sai ka ga farin hayaƙi na fita inji bai tashi ba. Shi ya sa batirin da zai tayar da ƙaramar mota cikin sauƙi yake durƙushewa a gaban tarakta, musamman da asubahin hunturu, lokacin da baƙin mai ya yi kauri.

Abu biyu ake aunawa a batir. Akwai bolt, wato ƙarfin turin wutar, akwai kuma yawan wutar da yake iya ajiyewa da bayarwa. Ka ɗauke shi kamar tankin ruwa: tsayin da aka ɗora shi ne bolt, girman cikinsa shi ne yawan wuta. In aka haɗa batura biyu a sarƙe, wato fozitif na ɗaya ya shiga negatif na ɗayan, bolt ne ke taruwa, 6 da 6 su ba da 12, 12 da 12 su ba da 24, amma yawan wutar yana nan a na guda. In kuma aka haɗa su gefe da gefe, fozitif da fozitif, negatif da negatif, bolt bai canja ba, yawan wutar ne ya ninka. Mutum biyu za su ce maka taraktarsu batir biyu gare ta, alhali ɗaya 12 yake nufi, ɗaya 24. Duba wayar da ta haɗa baturan, sannan ka ƙirga murafan ruwa: kowane ɗaki bolt 2 ne da ɗan ɗori, don haka mai murfi uku 6 ne, mai murfi shida 12. Hujja mafi ƙarfi kuwa tana jikin kik, inda kamfani ya buga lambar bolt ɗinsa. A goge dattin a karanta.

Mafi sauƙin sauyi shi ne na taraktar da ta zo da batura biyu masu bolt 6 a sarƙe, kamar tsofaffin Ferguson masu gas da aka ƙera a Ingila a shekarun 1950. Ita dama 12 take ci. An ba ta biyu ne don a wancan zamanin ta haka ake samun isasshiyar wutar tayar da inji. Batirin yau guda mai 12 yana yin aikin, ga shi ana samunsa a kowace kasuwa, ga wayoyi da kawuna sun ragu, wuraren da tsatsa za ta kama su ma sun ragu. A nan ina goyon bayan sauyin ba tare da wani ja ba. Ba sai ka nemi wanda ya ninka tsofaffin ƙarfi ba, tunda haɗin sarƙa bai taɓa ninka wuta ba. Wanda ya kai ƙarfin ɗaya daga cikinsu, ko ya ɗara, ya wadatar.

Mai 24 kuwa wata magana ce daban. Misalin da ya fi shahara shi ne John Deere ta Amurka, irin 3020 da 4020 masu gas waɗanda aka yi kafin 1969. Kik da dainamonsu na 24 ne, amma fitilu na 12, an raba su tsakanin baturan biyu, rabi a kan wannan, rabi a kan wancan. Wanda ya ɗora wa irin wannan tarakta batir guda, kik ba zai ko motsa da kirki ba. Wanda kuma ya ja wata sabuwar fitila daga batir ɗaya kawai, ya sa ɗaya na ramewa ɗaya na ƙonewa da caji. Mai son mayar da ita 12 sai ya sauya kik, ya sauya na'urar caji, a sake tsara wayoyin. Kamfanin da kansa ya watsar da tsarin ya koma 12 daga 1969. Kishiyar wannan kuskuren ta fi yawa a wajenmu: a ɗauko batura biyu masu 12 a sarƙe wa tarakta mai 12, wai don ta tashi da ƙarfi. Za ta tashi kam, sau ɗaya ko sau biyar, kafin ƙwayayen fitila su tsinke, mitoci su mutu, kik ya yi ƙauri.

Sai batun at, wato wane kai ne aka ɗaure a jikin ƙarfen tarakta. Kowa ya saba negatif ne, amma taraktocin Ingila da yawa na shekarun 1950 zuwa farkon 1960 fozitif ne at ɗinsu. Muddin dainamo ce a jiki, ana iya juya ta zuwa negatif, sai dai dole mai waya ya sake saita maganaɗisun dainamon kafin a tayar da inji, a kuma juya wayoyin mitar caji. In an riga an sa altaneta, to kusan dukkansu negatif suke so, kuma juya musu kai na ƙiftawar ido ya isa ya kashe su. Haka cire batir inji na aiki. Tsohon injin gas ba ya buƙatar wuta bayan ya tashi, shi ya sa wasu ke zare batirin su kai wa wata taraktar. Inji ba zai mutu ba, altaneta ce ke biyan bashin.

A kasuwa da amfiya ake ciniki: mai 75, mai 100, mai 120, mai 150. Wannan lambar, da ake rubuta Ah a gefenta, ajiya take nunawa. Akwai wata lambar, CCA, wadda ita ce ta fi shafar mai tarakta, domin ita ke faɗin yawan wutar da batir zai iya zubarwa a lokaci guda na daƙiƙa 30 cikin tsananin sanyi. Ba mu da irin wannan sanyin, amma tsakanin batura biyu masu girma ɗaya, mai babbar CCA shi ne gwanin tayar da inji. Ƙaramar tarakta mai silinda uku takan wadatu da mai 75 zuwa 100, mai silinda huɗu kuma 100 zuwa 120. Batirin sola, duk girmansa, ba don wannan aka yi shi ba. An gina shi ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon dare, ba ya zubar da ita gaba ɗaya ba.

Ƙara batir na biyu gefe da gefe yana da amfani ga babban inji mai silinda shida, da sharaɗin su zama sa'annin juna, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Sabo da tsoho ba sa zama lafiya, tsohon ne zai yi ta tsotsar sabon har cikin dare. A kuma tuna dainamo ba ta wuce amfiya 20 ko kusa da haka, kuma in inji na tafiya a hankali kusan ba ta ba da komai. Wadda ta kasa cika batir guda, ina za ta kai biyu?

A ganina, batura da yawa da ake zubarwa ba su da laifi, waya ce ta ci amanarsu. Leƙa tsofaffin taraktocinmu ka gani: kan batir ya buɗe an buga masa ƙusa, waya ta yi kore a cikin roba, at an ɗaure shi a jikin gwangwanin bonet mai tsatsa. Ɗaruruwan amfiya ba za su wuce ta irin wannan hanya ba. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: a yi kik na 'yan daƙiƙoƙi, a saki, sannan a taɓa kawuna da mahaɗan waya a hankali. Inda ya yi zafi, nan wutar ke maƙalewa. Mai mita kuwa lamba uku zai riƙe. Cikakken batir da ya huta yana nuna 12.6. Ana cikin kik, bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba. Inji na aiki, ya kamata a ga 13.8 zuwa 14.4, in ba a gani ba to caji ne babu, kuma sabon batir ma haka zai ƙare cikin 'yan makonni. Wayar kik ta zama jan ƙarfe na gaske, mai kaurin milimita sukwaya 35 zuwa 50, in an matsar da batirin nesa kuma a ƙara kauri. Akwai wadda ake shafa wa jan ƙarfe a sama cikinta alminiyam ne, za ka gane ta da rashin nauyi da fari a tsakiya in an yanka. Wayar at ta yi kauri ɗaya da ta wuta, a ɗaure ta a jikin inji, kusa da kik, bayan an kankare fenti.

Ranar aikin, a kashe inji a zare makulli. Kan at ake fara kwancewa, shi ake ɗaurawa a ƙarshe. Dalili kuwa, muddin at na ɗaure, duk jikin tarakta waya ce, sifana na taɓa ɗaya kan da ƙarfe a lokaci guda wuta za ta tashi. A cire zobe da agogon ƙarfe. Mai sigari ya matsa, domin batir na fitar da iska mai kamawa, kuma in ya fashe ruwansa ido yake nema. Farin garin da ke taruwa a kawuna ruwan kanwa na wanke shi, amma kada ɗigo ya shiga cikin ɗakunan. A ɗaure kawunan tamau, a shafa musu giris ko basilin. Batirin kansa a kafe shi da maɗaurin ƙarfe, a shimfiɗa masa roba a ƙasa. Tarakta ba ta da abin da ke shanye girgiza, kuma kunyoyin gona ɗaya sun isa su kakkaɓe cikin batirin da aka ɗaure da tsumma.

Hunturu ake zargi, amma zafin bazara ne ke cin batir, ya ƙafar da ruwansa, ya cinye farantansa, sanyi ya zo ya tona asiri. A riƙa duba ruwa, in ya sauka a ƙara tataccen ruwan batir, ba asid ba, ba na rijiya ko na burtsatse ba. In aikin damina ya ƙare, a kwance batirin a kai shi inuwa, a ba shi caji kamar sau ɗaya a wata, domin wanda ya zauna babu wuta na watanni ba ya komawa yadda yake. Tsohon da aka cire kuwa dalma ce cike da shi, guba ce ga yara, kada a bar shi a tsakar gida ko a fasa shi kusa da rijiya. Masu sayar da sabo sukan karɓe shi su rage maka kuɗi.

In ka je saye, kada kyan kwali ya ruɗe ka. Nemi kwanan watan da aka yi batirin, sannan ka sa mai shago ya ɗora masa mita a gabanka. In ya nuna ƙasa da 12.4, ya daɗe a kan kanta, ka ce a ɗauko maka wani.