Ina takardunku ke kwana bayan kun fita daga shagon fotokofi?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa neman lambar NIF a ofishin haraji, ko ya je buɗe asusu a banki, da duk uwar da ta haɗa wa ɗanta takardun jarrabawar BEPC, sun san cewa ba a isa ofis sai an bi ta shagon fotokofi. Ka miƙa katin ɗan ƙasa, ka miƙa takardar haihuwa, wani lokaci har da takardar fili, a buga maka, ka biya ƴan dalolinka ka yi gaba. Haka abin yake a bakin babbar kasuwar Maradi, haka yake kusa da kasuwar Dole ta Damagaram, haka yake a Tawa da Yamai. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: bayan mun juya baya, me ya rage a hannun mai shago?

Wata ƴar kasuwa ce ta sa na fara bin wannan magana. Ta kira cikin shirinmu na rediyo ta ce ta sayi ƙosai da safe, da ta buɗe takardar da aka ƙunshe mata shi, sai ga hoton katin ɗan ƙasar wani dattijo, da sunansa, da ranar haihuwarsa, da lambar katin, duk mai ya jiƙa su amma ana karantawa sarai. Mun yi dariya a lokacin. Da na koma gida sai dariyar ta tsaya mini, domin na tuna sau nawa ni kaina na bar kofin da bai fita da kyau ba bisa teburin mai shago.

Masu sana'ar buga takardu a garuruwanmu iri uku ne, kuma hatsarin kowanne daban yake.

Na farko shi ne ƙaramin shago mai kwamfuta ɗaya da injin fotokofi ɗaya, inda ake buga wasiƙar neman aiki da takardar yarjejeniya. Jarinsa bai taka kara ya karya ba, amma a cikin ukun shi ya fi kowa riƙe asirin jama'a. Yanzu mutane ba su ma kawo takarda a hannu, sai su aiko da hotonta ta WhatsApp zuwa wayar yaron shago. An buga, an biya, amma hoton yana nan cikin wayar, tare da na ɗaruruwan mutane, har ranar da za a sace wayar ko a sayar da ita. A kwamfutar shagon ma haka ne, kowane aiki yana zube a fili, duk wanda ya zauna a kujerar yana iya buɗewa. Ga kuma ƴar kilen nan ta USB da kowa ke zuwa da tasa yana soka wa: ta kwashi cuta daga nan ta kai can, shi ya sa sau da yawa kake komawa gida ka tarar takardunka sun ɓace, sai wasu alamomi da ba su buɗuwa.

Shi kansa injin fotokofi ba abin rainawa ba ne. Manyan injuna na zamani suna da rumbun ajiya a cikinsu kamar na kwamfuta, kuma wasu suna riƙe hoton abin da aka ɗora musu. A shekarar 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injuna guda 4 daga wani ɗakin ajiya, ya sa aka buɗe rumbunansu, sai ga takardun ƴan sanda da na marasa lafiya birjik. Kamfanin inshorar lafiyar da aka ga takardunsa sai da ya biya fiye da dala miliyan 1 ta Amurka a shekarar 2013. Mu nan mafi yawan injunanmu tsofaffi ne da aka yi aiki da su a ƙasashen waje, kuma idan sun gaji a hannun wani sai ya sayar wa wani, ba tare da an goge komai ba.

Wani zai ce, to me za a yi da kofin katina? Da katin ɗan ƙasa ake rajistar layin waya, da shi ake karɓar kuɗin da aka aiko. Idan mugu ya samu ya buɗe layi da sunanka ya damfari wani, ƙofar gidanka jandarma za su fara ƙwanƙwasawa.

Na biyu su ne maɗaba'u matsakaita, masu buga katin biki da na suna, da kalanda, da littafin rasit, da takardar da ake liƙawa a buhu ko a kwalba. Su ba su cika tara katin jama'a ba, amma suna riƙe da abin da ɗan kasuwa ke tinƙaho da shi: tambarinsa, da hatiminsa, da sifar rasit ɗinsa. Wanda ya samu waɗannan yana iya buga rasit irin naka sak ya karɓi bashi da sunanka, ko ya liƙa tambarinka a kan jabun kaya. Babban ciwon waɗannan maɗaba'u shi ne manhajojin sata. CorelDraw da Photoshop na gaskiya suna da tsada, saboda haka sai a sauko da na banza daga intanet. Ta wannan ƙofa ce wata cuta da ake kira STOP ko Djvu ta fi shiga tun wajen shekarar 2018. Aikinta shi ne ta kulle duk abin da ke cikin kwamfuta, ta bar wasiƙa tana neman fansar dala 980 ta Amurka, ko 490 in an tuntuɓe su cikin awa 72. Ko rabin nan ya kai wajen jika 300 na sefa, kuma babu mai lamunce maka cewa in ka biya za a buɗe. Ka yi tunanin mai maɗaba'a da ya karɓi kafin alƙalami na katin biki goma ana saura mako guda, ya wayi gari aikin shekara biyar ya kulle.

Abin da ke ƙara buɗe ƙofar shi ne tsufan kwamfutocin. Kamfanin Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows XP a 2014, ya daina ta Windows 7 a watan Janairun 2020, ta Windows 10 kuma a watan Oktoban 2025. Ka leƙa shagunan unguwarku ka ga wace ce ke bisa tebur. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta bi ta irin wannan ɓaraka ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida.

Na uku su ne ƙananan jaridu da masu wallafa littattafai. A nan dukiyar ita ce rubutu da suna. Littafin da marubuci ya yi shekara yana wahala a kansa, idan ya sulale daga kwamfutar maɗaba'a ya shiga WhatsApp, to ciniki ya mutu kafin a buga. Manya ma ba su tsira ba: a watan Yunin 2022 kamfanin littattafai na Macmillan ya rufe na'urorinsa na kwanaki saboda hari, a watan Disamba na wannan shekarar kuma jaridar Guardian ta Ingila ta sallami ma'aikatanta su yi aiki daga gida na makonni bayan masu neman fansa sun shiga. Su suna da injiniyoyi da lauyoyi, sun farfaɗo. Ƙaramar jarida ta mutum huɗu, wadda lambar sirrin shafinta na Facebook ke hannun kowa har da wanda ya bar aiki bara, ita ba ta da wannan gata. Idan wani ya ƙwace shafin ya rubuta zagi da sunan jaridar, sai mai ita ya sha wahalar nuna cewa ba shi ba ne.

Kuma doka ba ta wasa da wannan. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta watan Yulin 2019 ta haramta kutsawa cikin kwamfutar wani da damfara ta na'ura. A 2022 an cire ɗauri daga hukuncin ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 an dawo da shi: shekara 1 zuwa 3 ga ɓata suna ko zagi ta na'ura, shekara 2 zuwa 5 ga yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a.

Dokar da ta fi shafar mu masu kai takardu ita ce ta kare bayanan mutum. Nijar ta fara yin ta a watan Mayun 2017, sannan aka sake sabuwa a watan Disamban 2022, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa aikin, ana kiran ta HAPDP, tana Yamai. A taƙaice dokar tana cewa duk wanda ke tara bayanan mutane ya tara su don aikin da aka sani, ya tsare su, kada ya riƙe su fiye da buƙata, kada ya ba wani ba da izini ba, kuma mai bayanan yana da haƙƙin ya nemi a gyara ko a goge, yana iya kai kuka ga hukumar. Ga ƴan kasuwarmu da ke kai aikin buga takarda Kano ko Katsina, can ma akwai irin wannan doka tun watan Yunin 2023, har ta tilasta a sanar da hukumarsu cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta cutar da su.

A ganina, idan aka jera ukun, abin a juye yake. Masu jarida sun fi kowa jin labarin doka domin ita ke kai su kotu. Masu maɗaba'a sun fi kowa asarar kuɗi idan cuta ta shiga, don haka wanda ya taɓa ƙonewa yakan koyi hankali. Ƙaramin shago kuwa, wanda ya fi kowa riƙe katunanmu, shi ne bai taɓa jin sunan HAPDP ba, kuma idan takarda ta fita daga hannunsa ba shi ke asara ba, mu ne. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Yaron da ya koyi aikin a hannun ubangidansa ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa, kuma bayanin dokar da Faransanci aka fi yin sa, a otal-otal na babban birni.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Mai shago ya sa lambar sirri a kwamfuta, ya goge aikin mutum a gabansa, ya yayyage kofin da ya lalace maimakon ya tara wa mai ƙosai. Mai maɗaba'a ya sayi rumbun ajiya na hannu ya riƙa kwafe aikinsa duk ranar Juma'a, sannan ya cire shi ya sa a durowa, domin in an bar shi a jone cutar tana kama shi tare. In kuɗin manhaja ya gagara, akwai na kyauta na halal irin su Inkscape da GIMP da Scribus. Masu jarida su kunna tabbaci mai hawa biyu a Facebook da WhatsApp, su canza lambar sirri ranar da ma'aikaci ya tafi.

Ke kuma Hajiya, in kin je shago ki tsaya a buga a gabanki, ki ƙirga kofin ki tafi da duka har da wanda ya lalace. In ta waya kika aika, ki ce a goge ki gani da idonki. A kan kofin katin ki sa a rubuta da biro abin da aka yi shi dominsa da kwanan wata, misali don buɗe asusun banki. Alhaji mai rasit, ka karɓi naka kofin tambarin ka ajiye, ka sa lamba a jere a kowane littafin rasit don ka gane na jabu. Lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke aikowa ta saƙo kuwa, ko wanda ya kira ya ce shi ne mai maɗaba'ar da ke buga maka katin bikin ƴarka, kada ka karanta masa su.