Tabar Habano: Yadda Masana Ke Zaɓen Tsohuwar Ajiya

A cikin kayayyakin da ƙasar Kuba ke sayarwa ƙasashen waje, kaɗan ne suka kai tabar Habano daraja. Ita wannan taba ba irin sigarin da muka saba gani a tebur ba ce. Ganye ne zalla, ake naɗe shi da hannu, kuma mafi kyawunsa daga gonakin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río yake fitowa. Masu sayenta sun yarda cewa idan ta daɗe a ajiye kaifinta yakan kwanta, ƙamshinta ya daidaita, kuɗinta kuma ya hau. To, amma ta yaya mai saye zai san bai zuba dukiyarsa a rijiya ba?

Abu na farko shi ne ya kifa akwatin ya dubi gindinsa. Tun daga 1985 ake buga hatimin ma'aikata da na wata da shekara a wurin. Daga 1985 zuwa 1998 an ɓoye lissafin cikin kalmar NIVELACUSO, inda N ke matsayin 1, I ke matsayin 2, har zuwa S mai matsayin 9 da O mai matsayin sifiri. Watau wanda ya ga NISC ya san an cika akwatin a watan 12 na 1997. Daga shekarar 2000 aka koma rubuta wata da shekara a fili da Sifaniyanci, misali ENE domin Janairu, DIC domin Disamba.

Amfanin sanin shekara kuwa shi ne, ba dukan shekaru ne suka yi albarka ba. A 1980 wata cutar fumfuna ta lalata yawancin ganyen ƙasar. Haka kuma tsakanin 1999 da 2001 an yi gaggawar ƙara yawan taba saboda kasuwa ta buɗe, aka sa sababbin hannu cikin aikin naɗi, har tabar da yawa ta fito a toshe, hayaƙi ba ya wucewa. Sai bayan haka aka shigo da injin gwada zuƙa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: tabar da aka naɗe ba daidai ba, ko ta shekara 30 ba za ta gyaru ba.

Kamfanin Habanos, wanda aka kafa a 1994, yana da nasa matakan tsufa. Wadda aka rubuta wa Reserva, ganyenta ya yi aƙalla shekara 3 kafin naɗi. Gran Reserva kuwa shekara 5. Añejados ita ce wadda ta yi shekara 5 zuwa 8 cikin akwati bayan an naɗe ta. Wajibi ne mai saye ya bambanta tsufan ganye da tsufan akwati.

Sa'an nan sai batun ajiya, wanda ya fi duka muhimmanci. Ana son laima ta tsaya wajen kashi 65 zuwa 70 cikin 100, sanyin wurin kuma digiri 16 zuwa 18. Idan bushewa ta yi yawa sai ganyen waje ya tsage, ƙamshi ya tafi. Idan zafi ya yi yawa sai ƙwaron taba ya ƙyanƙyashe ya huda ta. Saboda haka masani yakan tambayi hannun da akwati ya bi, ya matsa tabar a hankali, ya sansana, domin jabu ta yi yawa, musamman da sunan Cohiba.

A ƙarshe, ya kamata mai karatu ya tuna cewa tsufa da tsada ba su cire wa taba dafinta. Hayaƙinta na jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro da huhu, ko ta wace shekara ce.