Abincin wanda za a sake wa gaɓa

Akwai ciwon da ke cinye gaɓar ƙugu ko ta gwiwa har mutum ya kasa tafiya. Tsufa yana kawo shi. Amosanin jini ma yana lalata kan ƙashin cinya, ko da mutum saurayi ne. Wani kuma faɗuwa ya yi, ƙugu ya karye. A babban asibiti likitoci suna iya cire gaɓar da ta lalace, su sa ta ƙarfe da roba.

Aiki ne babba. Ana yanka fata da tsoka, jini yana zuba. Likita zai ɗinke, amma jiki ne zai haɗa wurin da kansa, kuma da abinci yake haɗa shi. Majinyacin da ya shiga aiki a rame, mikinsa yana daɗewa bai warke ba, kuma ya fi saurin yin ruwa.

Saboda haka kada a jira ranar aiki. A fara kula da cinsa makonni kafin nan.

Abin da ya fi buƙata shi ne abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai, kifi, nama. Fara ma tana ciki. Mutum mai nauyin kilo 60 yana son kamar giram 70 zuwa 90 na abin gina jiki kowace rana. Ƙwai ɗaya yana ba da giram 6. Busasshen wake giram 100 yana ba da fiye da giram 20. Kun ga ba sai mai kuɗi ba. Kunu zalla, wanda muka saba kai wa marar lafiya, ba ya isa. A dama shi da gyaɗa ko a zuba nono. In ba ya son ci, a ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini.

Waɗansu suna cewa ƙwai da gyaɗa da nono suna sa miki ya yi mugunya. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya. Hana majinyaci waɗannan abubuwa cutar da shi ne.

Sai maganar jini. Hanta, nama, wake da kwaɗon zogale suna ƙara jini. Lemu, gwaba da garin ɗiyan kuka suna taimaka wa jiki ya amfana da su. Shayi kuwa yana tauye wannan amfani, don haka a bar awa ɗaya ko biyu tsakaninsa da abinci. Mai amosanin jini kada ya sha ƙwayar ƙarin jini sai likita ya ce.

Mai ciwon sukari da mai ciwon ƙoda su tambayi likita abin da za su ci. Mai shan taba ya bari, taba tana jinkirta warkewa. In yana shan maganin gargajiya, ya faɗa.

Ranar aiki za a hana shi abinci, yawanci awa 6 kafin a sa masa maganin barci. Masu jinya, kada tausayi ya sa ku ba shi fura a ɓoye. Yana iya yin amai cikin barci, aman ya shiga huhu.

Bayan aiki ya koma ci da zarar an ba shi izini. Maganin rage zafi yakan ɗaure ciki, sai a yawaita masa ruwa mai tsabta da miyar ganye.