Tashin Matattu a Bangaskiyar Kiristocin Ƙasar Zuru

Tun kafin 'yan mishan su tako ƙasar Zuru, mutanenta ba su ɗauki mutuwa a matsayin ƙarshen mutum ba. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun shahara da tukwane da siffofin yumɓu da suke ɗorawa a kan kaburburan manyansu, irin su gwanin noma da ɗan kokawa da maharbi. Mamaci yana nan cikin lissafin dangi. Saboda haka da mishan ɗin da ya haifi ikkilisiyar UMCA ya kafa sansani a Zuru cikin shekarun 1920, zancen cewa rai ba ya mutuwa bai zama sabon labari ba. Sabon abin shi ne batun jiki.

Kirista bai tsaya ga cewa ruhu zai koma wurin Allah ba. Ya gaskata cewa jikin nan da aka saka a rami, ƙasa ta cinye, shi ne za a tayar. Hujjarsa kuwa guda ce: Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye ranar Jumma'a, aka binne shi, a rana ta uku aka tarar da kabarin wayam. Marubutan Bishara sun nace a kan wannan sosai. Luka ya ce Yesu ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, Yohanna kuma ya ba da labarin Toma, wanda ya ƙi yarda sai ya ga gurbin ƙusoshi. Manufarsu ita ce kada wani ya ce fatalwa aka gani.

An sha gardama a kai tun farko. Sadukiyawa, wani ɓangare na Yahudawa, sun musanta tashin matattu, wasu ma cikin ikkilisiyar Korinti sun yi shakka. Waɗannan na Korinti ne Manzo Bulus ya amsa wa a sura ta 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa gare su, inda ya nuna cewa idan Almasihu bai tashi ba, addinin gaba ɗaya ya rushe. Ga mai tambayar da wane irin jiki za a tashi, sai ya kawo misalin iri: ƙwayar da aka binne ba kamanninta ke tsirowa ba, amma ita ɗin ce. A ganina manomin dawa a Dabai ko Ribah zai riga malamin birni gane wannan, balle da yake Ista, bikin tashin Yesu, kan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, lokacin sharar gona da jiran ruwan shuka. Taron limaman Kirista na shekarar 381 ya sanya wannan bege cikin shahadar bangaskiya da ake karantawa har yau.

Shi ya sa a jana'izar Kirista za ka ji kuka da waƙar yabo a haɗe. Ba rashin jin zafi ba ne. A wurinsu mutuwa abokiyar gaba ce da aka riga aka kayar, ko da yake tana ci gaba da ɗauka.

A Zuru, inda gida ɗaya kan ƙunshi mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, ya kamata a san inda aka haɗu da inda aka rabu. Musulmi ma ya yi imani da tashin alƙiyama da jiki. Saɓanin yana kan Annabi Isa, wato Yesu: Musulunci ya koyar cewa ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi, Kirista kuwa a kan mutuwarsa da tashinsa ya kafa begen tashin kowa.